Katanga biyu a cikin ƙafata

Shekarun baya, lokacin girbin masara, na taka tushiya a gonarmu ta wajen Maska, ta shige ni a gindin babban yatsa. Ni maginin ƙasa ne, rumbu da katanga, kuma da ƙafa nake kwaɓa. In ƙafa ta tafi, tuwon gidana ya tafi.

Abokina, wanda muke noma tare, ya kawo maganin da kowa ya sani: kafso mai ja da baƙi daga kasuwar Bakori. A ɓare ɗaya a barbaɗa kan ciwon, a haɗiye ɗaya. Da shi muke yi wa kanmu, da shi muke yi wa awaki. Na barbaɗa, na ɗaure da tsumma, na koma gona.

Ƙafa ta kumbura har ƙauri, tana wari. Matata ta fara kai mini abinci zaure.

A asibiti a Funtua likita ya duba, ya ce a ɗebi mugunyar a gwada, in kwanta in jira. In kumburin ya wuce gwiwa, sai yanka. Na ce masarata na gona, a yi mini allura in tafi. Na dogara sanda har ɗakin gwaji don in ce su hanzarta.

Wata ma'aikaciya na ciki, sa'ar babbar 'yata.

"Baba, ina zuwa da wannan ƙafar?"

"Gida, Malama. Ba zan kwanta don abin da ba a gani ba."

"To zo ka gani."

Ta zaunar da ni gaban madubinsu na ganin ƙwayoyin cuta, da mugunyata a ƙarƙashinsa, ta ce in rufe ido ɗaya. Da fari gashin idona kawai na gani. Ta murza wani abu, sai ga su: 'yan sanduna ja-ja, birjik, kamar an watsa shinkafa a tabarma.

Ta ce sunansu bakteriya. Da ta ji sana'ata, sai ta ce kowace ɗaya gida ce mai katanga, amma ba ɗaki a ciki, fili ne kawai. A tsakiya akwai wani zare a cukuikuye, shi ke faɗin yadda za a yi komai, ga 'yan ƙananan ma'aikata warwatse suna ta ƙira. Cikin a cike yake tam, katangar ce ke riƙe shi. Wasu har da wutsiya ta iyo.

"Kafson naku ba rusa katanga yake ba," in ji ta. "Magina yake hanawa aiki. Ƙwayar na girma, ba a ƙara gini, sai ta fashe."

Wannan na gane. Na ga rumbun da aka cika fiye da ƙarfinsa.

"To me ya hana nawa fashewa?"

Ta ce da suka zuba musu rini, masu katanga mai kauri kan riƙe shuni. Nawa ba su riƙe ba, shi ya sa suka fito ja. Katangarsu siririya ce, amma akwai wata a waje da ta kewaye ta, magani da yawa a nan yake tsayawa. Kuma wanda ya ɗan shiga, in bai kashe su ba, masu dabarar lalata shi ne ke saura, su miƙa wa maƙwabta dabarar a ɗan guntun zare.

Na ce, "Ashe ciyar da su nake."

"Makaranta ka sa su, Baba. Koma gado, mu gano maganin da ba su iya ba."

Na koma. Abokina ya zo dubiya da lemo, da kafso a aljihu. Na ba shi labarin katanga biyu. Ya ce, "Kai dai ko a ciwo sai ka samo gini. An nuna maka ɗigon janbaki ka tsorata." Shi ya girbe mini masarar da 'ya'yansa, don haka ban ja da shi ba.

Aka samo allurar da ta dace. Kumburin ya tsaya ƙasa da gwiwa, ya fara sauka. Babban yatsan ya riga ya yi baƙi, suka cire shi.

Ban zama malami ba. Har yau ban san yadda abin da ido ba ya gani ya samu magina ba, na bar wa Allah. Abokina na nan yana barbaɗa kafsonsa, lafiyarsa ƙalau, in na yi magana ya ce ƙafata ce mai gardama. A gidana dai kafson ba ya shiga.

Ina kwaɓa ƙasata, sai dai a karkace, kuma nakan gaji da wuri. Silifa ne ya gagare ni, don babu abin da zai riƙe shi. Duk Maska ni kaɗai ne magini mai zuwa aiki da takalmi sau-ciki, kamar zan je ofis.