Gadalin Kakata a Rumbun Albasa

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, kakata tana da wani gadali a fasasshiyar tukunya bayan ɗakinta a Karaye. Wanda bai san gadali ba, tsiro ne mai dogon ganye, gindinsa kamar albasa, yana fitar da farin fure in ruwan farko ya sauka. Ba mai taɓa shi sai ita. Takan ce, "Ranar da gadalin ga yam mutu, ku ɗauko magirbi ku gina kabari, ni ma na tahi." Mu jikoki sai mu yi dariya.

Da rani ciwo ya kama ta, mahaifina ya ce a kai ta asibiti a Jega. Ana sa ta mota ta riƙo hannuna.

"Maigidan, ga amanata nan. Ruwa kaɗai za ka ba shi."

"Tsohuwa, ni da ka noman albasa kadada guda, tukunya ɗaya za ta gagare ni?"

Bakin nan nawa shi ya ja min. Bayan mako biyu ganyen ya yi rawaya ya kwanta. A wurinmu albasar da ta kwantar da wuya ta nuna, in ka bar ta cikin jiƙa ruɓewa za ta yi. Sai na ce bari in yi gwaninta. Na tuge shi, na kakkaɓe ƙasar, na sa wuƙa na datse ganyen da saiwoyin kamar yadda muke yi, na jefa shi rumbun albasa ya sha iska kafin ta dawo. Ranar aka yini ana juye albasa a kansa.

Washegari da hantsi direban da ke zuwa Jega ya tsaya ƙofar gida. Ya ce tun jiya da la'asar tsohuwa ta daina magana, ba ta ko motsi. Da la'asar ɗin nan kuwa na tuge gadalin.

Ban faɗa wa kowa ba. Kwana uku ina tonon rumbu, ina ɗaga albasa ɗaya-ɗaya ina shinshinawa kamar wanda ya zautu. Ga shi an riga an ɗebi buhuna an kai kasuwar Aliero. In yana ciki, wata can za ta yanka shi a miya, kuma na san guba ne. Tsoro biyu ya haɗe min, abinci ya daina shiga.

Sai aka yi ruwan farko. Da rana tsaka na buɗe rumbun, wani ƙamshi ya buge ni, ba na albasa ba, irin wanda ke tashi daga zanin kakata. Can tsakiyar tulin na hango kara guda a tsaye da fararen furanni, ba ƙasa, ba ruwa, ba saiwa. Duk sun juyo suna fuskantar ƙofa. Na yi bisimilla na zaro shi, na mayar da shi tukunyarsa na ba shi ruwa.

Bayan kwana shida aka dawo da ita, bakinta ya buɗe amma ƙafafu sun shanye. Muna sauko da ita a tabarma ta dube ni, ba ta ko leƙa bayan ɗaki ba tukuna.

"Maigidan, ruwa nic ce ka ba shi. Mi yak kai wuƙa ga saiwata?"

Likita ya ce hawan jini ne, na kuma yarda, rai da lafiya na Allah ne. Ta ƙara shekara huɗu, ni ke ɗaukar ta in kai ta inuwa, ba ta sake tayar da maganar ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Gadalin yana gidana yanzu. Duk rani yakan kwantar da ganye, hannuna na manomi ya yi ta ƙaiƙayi. Sai in zuba masa ruwa, in mayar da wuƙata aljihu.