Malam Inusa da Kunnen Duna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Yulin 2025, da hantsi, ina zaune a zauren gidana a Ketare ina wasa fartanya, sai wayata ta yi ƙara. Mas'udu ne, babban ɗanka. Ya ce, "Yaya Salihu, Baba ya cika." Kwana huɗu kacal ka yi a asibiti a Funtua, bayan faɗuwar da ka yi a ƙofar masallaci. Shekarunka sittin da tara. Aka kawo ka Kankara, muka yi maka sutura bayan la'asar, ana ɗan yayyafi.

Malam Inusa, wanda bai san ka ba zai so a fara gaya masa ko kai wane ne. Malamin dabbobi ne kai, ka yi shekara talatin da biyar kana aikin gwamnati tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa. Da wuya a sami garken shanu a wannan yankin da allurarka ba ta shiga ba. Amma ba da shanu aka fi saninka ba. Bayan ka yi ritaya ka koma duba karnuka, abin da sauran abokan aikinka ke kauda kai a kansa, har mutane suka laƙaba maka Likitan Karnuka. Ba yabo suke yi ba, kai ma ka sani, kuma kana amsawa.

Ni ma ina cikin masu ƙyamar. Gara in faɗa da bakina tunda yau ba ka nan balle ka rufa mini asiri. Kai abokin mahaifina ne, tun ina yaro kake shiga gidanmu. Duk da haka, da na ga hannunka cikin kunnen kare, sai na sa matata Hafiza ta ware maka kwano da moɗa. Alhali na san kana yawo da buta da sabulu a bayan babur, da wata tsohuwar riga ta aiki wadda kake cirewa kafin ka yi alwala. Ka lura da kwanon tun ranar farko. Ba ka taɓa nuna fushi ba. In ka zo sai ka ce, "Hafiza, a kawo mani kwanona na sarauta." Ina jin kunyar wannan abin har yanzu.

Hujjarka ba ta da tsawo. Ka ce addini bai hana ajiye kare don gadi ko noma ko farauta ba, kuma wanda ya ajiye dabba, ciwonta yana wuyansa. Daga nan ba ka ƙara komai, ko da an ja ka da musu.

Zamani ne ya zo ya gaskata ka. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, gidajen da a da ko ɗan kwikwiyo ba ya shiga suka fara neman kare. Muka tara karnuka ba mu san yadda ake kula da su ba. In kare ya fara susa, mu shafe shi da baƙin mai na inji. In kaska ta kama shi, mu fesa masa maganin ƙwarin wake. In ƙuda ya cinye masa bakin kunne, a ɗauko aska a yanke kunnen. Ka sha faɗa a kan baƙin man nan, kana cewa kare lashewa yake yi, guba ce muke ba shi da hannunmu.

Baba Istifanus, wani dattijo manomi daga wani ƙauye a bayan Faskari, ya zo gaisuwarka ranar uku, ya ba mu labari. Ƙazuwa ta taɓa kama karnukansa biyar na farauta, gashi ya zube, fata ta yi kauri. Ya yanke shawarar ya kai su daji ya baro. Ka je ka yi musu allura, ka sa ya ƙone tsumman da suke kwana a kai, sannan ka ce ya naɗe hannun riga. Ashe shi ma ƙurajen sun feso masa har gwiwar hannu yana ɓoyewa. Ka tura shi asibitin mutane, ka ce wannan ba layinka ba ne. Huɗu daga cikin karnukan suka rayu. Ya ce sau shida ka je ƙauyen nan, a hanyar da masu haya ma ke ƙin bi.

Nawa labarin na Duna ne, baƙin karena. Babbar gonata tana Bayan Dutse, tafiyar kusan awa ɗaya daga gari, kuma ita ke ciyar da gidana. Shekara biyu da suka wuce, ina cikin huɗa da rana tsaka, Duna ya miƙe kunnuwa ya fara gurnani yana kallon yamma. Ni ban ji komai ba, amma na yar da garma na faɗa kwazazzabo. Can sai ga ƙarar babura. A ranar aka tafi da mutum biyu daga gonar da ke maƙwabtaka da tawa. Tun daga lokacin ba na taka Bayan Dutse sai da Duna, kuma Hafiza ba ta yarda in fita in ba ya gabana.

A ƙarshen bazarar bana Duna ya lalace. Ya wuni yana lasar tafin ƙafa, yana susar hammata da ciki har fatar ta yi ja. Sai kunnuwa suka biyo baya. Yana kaɗa kai, yana karkatar da shi gefe guda, wani baƙin ruwa mai ɗoyi yana fitowa. Na yi abin da kowa ke yi. Na shafa baƙin mai, na ɗiga masa kananzir a kunne, na sa gashin kaza na sosa ciki. Wata rana wani mai babur ya zo har bakin zaure ya tsaya, Duna yana kwance bai ko ɗaga kai ba. Ashe bai ji ƙarar ba. Damina ta kusa, kuma karen da nake dogara da kunnensa ya daina ji. Sabon kwikwiyo kuwa sai ya shekara kafin a san ko zai yi amfani.

Da na kira ka, washegari ka zo. Abin da ka fara yi shi ne abin da ya sa nake ƙyamarka a da: ka durƙusa ka kai hancinka bakin kunnen ka shinshina. Ka haska da tocila. Ka buɗe gashin bayansa ka duba ƙuma da kaska, ba ka samu ba. Ka kalli baƙin man, ka kalle ni, ka ce, "Salihu, wanga kare ne ko injin niƙa?" Ka sa aka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi. Ka ce kunnen ya kumbura ne ya toshe da mugunya, kuma zai iya warkewa muddin kananzir ɗina bai ɓata can ciki ba. Ka goge da auduga iya inda yatsa ke kaiwa, ka hana ni sake cusa komai, ka rubuta maganin ɗigawa da na sha aka sayo a Funtua.

Na ɗauka an gama, sai ka nemi tabarma ka zauna. "Mi yake ci?" ka tambaya. Na ce abin da muka rage. Ka ce ba ni kake tambaya ba, a kira mai ba shi. Hafiza tana yin awara ta sayarwa, kuma bara ta ƙara yawan wakenta. Ashe kullum Duna ne ke cinye dusar awarar da gutsattsarin da suka karye. Ka ce kana zargin jikinsa ne ba ya son waken suya, kamar yadda wani mutum ke yin borin jini in ya ci abin da bai karɓe shi ba. Ƙaiƙayin fata da ciwon kunnen duk tushensu ɗaya, in ba a cire tushen ba magani zai ƙare ciwo ya dawo. Ba ka ce tabbas ba ne. Ka ce hanyar sani ɗaya ce: mako takwas ba ya cin komai sai tuwon dawa da ɗan naman akuya.

Hafiza ba ta ji daɗi ba, don a ganinta an ce awararta guba ce. Amma ta bi. Mako biyu abin ya yi sauƙi, sai susa ta dawo sabuwa. Na ce maka, "Malam, ba awara ba ce ke nan." Ka ce a kawo maka abinci. Aka kawo tuwo da miyar kuka a kwanonka na sarauta. Ka kai loma biyu, ka ɗaga murya ka ce, "Hafiza, daddawar ga ta kalwa ce ko ta waken suya?" Ashe ta waken suya ce. Tausayin kare ne ya kama ta, ta ga yana cin gaya, take zuba masa miya. Ranar ka ce lissafi ya koma farko. Ashirin da bakwai ga watan Mayu ke nan, na rubuta da gawayi a bangon rumbu.

Duk Talata kana zuwa wankin kunne, kuma Duna ya tsane ka. Wankin yana masa zafi, da ya gan ka sai ya shige ƙarƙashin rumbu, sai mun jawo shi. Amma sai ya gan ka da ido, don ba ya jin zuwanka, duk da tsohon babur ɗinka da salansa ya fashe, wanda duk Ketare ta san ƙararsa. Na tambaye ka yaushe zan san ya warke. Ka ce, "Ranar da ya ji babur ɗina tun daga gadar bakin gari ya ɓuya, kai ba ka ji komi ba, to ɗauki fartanyarka ka tahi Bayan Dutse. Kahin nan kada ka je kai kaɗai." Na yi maka alkawari.

Shuka mun yi ta cikin taro, mu goma sha biyu a yini ɗaya. Noma kuwa ba ya yiwuwa haka, kowa yana da tasa gonar. Ciyawa ta fara cin masarata ina zaune a gida. Fatar Duna ta warke, gashi ya tsiro, ɗoyin ya tafi, amma ko ya fara ji ban sani ba. In na tafa hannu yakan waiga, to ta yaya zan san ba motsina ya gani ba? Talatar ƙarshe da ka zo, yana barci ka same shi. Ka ce saura mako uku, in yi haƙuri. Talatar da ta biyo baya ita ce wadda Mas'udu ya kira ni.

Bayan rasuwarka muka ci gaba da tuwon dawa, ni nake goge kunnen yadda ka koya mini. Amma na rasa mai cewa ya warke. Hafiza ta ce a bar gonar bana. Na kasa cewa e, don ban san abin da za mu ci ba, na kuma kasa cewa a'a saboda alkawarinka.

Ranar ashirin da biyu ga Yuli, ranar da mako takwas suka cika, muna tsakar gida da walaha, Hafiza tana tace wake, Duna yana kwance a gindin turmi. Sai ya ɗaga kai. Ya miƙe kunnuwa biyu, ya fuskanci gabas, ya saki wutsiya tsakanin ƙafafu, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumbu. Muka kalli juna. Ba abin da muke ji sai kukan kaji. Na fita zaure na tsaya, na daɗe a tsaye, sannan can daga wajen gada na fara jiyo fasasshen salansan nan.

Mas'udu ne a kan babur ɗinka. Ya ce kana asibiti ka gaya masa akwai sauran kwalbar maganin kunne a jakarka, ta karen Salihu ce, a kai ranar ashirin da biyu. Ya ga ina hawaye ya fara ba ni haƙuri, ya ɗauka ganin babur ɗin ne. Sai na kama hannunsa na kai shi gindin rumbu na nuna masa Duna. Hafiza ta kawo masa abinci a kwanonmu, muka ci tare. Washegari na tafi Bayan Dutse. Ciyawa ta ci gefen kwazazzabo, amma yawancin masarar za ta yi.

Malam, na yi rashinka ƙwarai. Ban nemi gafararka a kan kwanon nan ba kana raye, kuma wannan zai daɗe yana damuna. Ina roƙon Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Tausayin da ka nuna wa halittar da ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, Allah Ya sa ka tarar da shi a mizani, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Kulu, da Mas'udu da Sumayya da sauran 'ya'ya da jikoki, da jama'ar Kankara da Faskari da Sabuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kawo mana zaman lafiya a gonakinmu, Ya kyautata namu ƙarshen.

Mas'udu ya ce babur ɗin zai riƙa hawa, ba zai gyara salansan ba. Jiya ya bi ta hanyarmu zai je Yargoje, bai ma tsaya ba. Sai da aka kira azahar Duna ya fito daga ƙarƙashin rumbu.

Salihu Abdulgafar, Ketare