Ina Ban Ruwa a Lambu, Gida Suna Zaton Ina Gyaran Jiki

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida. Na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a unguwar Ali Kazaure cikin Jos, ba ni da aiki sai ɗinkin hijabi da keken da mahaifiyata ta rasu ta bari. Gwaggona, ƙanwar babanmu, ita ta riƙe ni tun ina firamare, kuma a gidan muke tare. Ni mace ce mai jiki, tun ina ƙarama ake tsokanata da 'yar lukuta, ina dariya a gaban mutane, in na shiga ɗaki in tsaya gaban madubi ina jin haushi. Sannan ina da wani hali da nake ɗauka wayo ne: in abu ya shiga kaina ba na shawara da kowa, na fi son in gama shi tsaf, sai dai kawai a gani a yi mamaki. Wannan halin ne ya sa na ɗauki biro yau.

Wanda zan aura dillalin dankalin turawa ne a kasuwar Farin Gada, mutum mai sanyin hali, maganarsa ba ta da yawa. Shekara biyu muna tare kafin a sa rana, aka tsayar da biki ƙarshen shekara. Shi ɗaurin aure da walima sun ishe shi, ni ce na nace sai an yi 'yar dina ko ta mutum kaɗan ce, ya ce to. Daga nan abu biyu suka hau min kai. Na farko, ba na son fulawar roba irin wadda ake yawo da ita daga wannan biki zuwa wancan, ina son furanni na gaske masu ƙamshi, kamar yadda nake gani a hotunan biki a waya. Na biyu, na ga wata riga na kai wa tela hotonta, na ce ya yanka ta ƙasa da awona, zan rage jiki kafin lokacin. Ya kalle ni ya sake tambayata, na ce ya yanka kawai. Da na je wajen masu kwalliyar wurin biki suka faɗi kuɗin furanni, sai na yi musu sallama ba tare da na taya ba. Wurin motsa jiki na mata ma da na tambaya, kuɗin wata ɗaya ya kusa kuɗin ɗinkin rigar.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare ce ta ba ni labarin wata tsohuwa mai lambun furanni a bayan Farin Gada, gefen wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ta ce daga wajenta masu kwalliyar suke saye su ninka kuɗi. Na je na same ta, tsohuwa Kirista 'yar asalin wajen, kowa Mama yake ce mata, Hausarta irin wadda take ce min kai maimakon ke. Kuɗinta da sauƙi, amma duk da haka ya fi ƙarfina. Ina shirin tafiya sai na ga tana ɗingishi da bokiti daga ramin zuwa lambu, gwiwa ta hana ta sakat, injin ban ruwanta kuma ya lalace. Nan take wata dabara ta faɗo min. Na ce zan riƙa zuwa kullum da safe in ɗebo mata ruwa in taya ta cire ciyawa, ita kuma ta ware min layi uku na furanni ranar bikina. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ba ta taɓa ganin amarya mai neman aikin lebura ba, sannan ta tambaye ni ko gida sun sani. Na ce sun sani. Na dawo gida ina jin babu wanda ya kai ni dabara a garin Jos, ga furanni kyauta, ga motsa jiki kyauta.

Matsalar ita ce a gidanmu amarya ba ta yawo in biki ya matso. Zaunar da ita ake yi a ɓoye ta daga rana, a yi ta dirza mata dilka da halawa, a yi ta ɗura mata abinci har ta yi haske ta ciko. Gwaggo ta daɗe tana jiran wannan lokacin, har kuɗin mai gyaran jiki ta tara ta damƙa min, ta ce in riƙa zuwa wajen wata mata a Anguwan Rogo. Na karɓa na kai wa tela. Kullum bayan sallar asuba sai in zura hijabi in ce na tafi gyaran jiki, in taka da ƙafa, in kewaye kasuwar ta baya don kada angon ya gan ni. In na dawo da azahar Gwaggo ta dire min kunun gyaɗa da madara, da yamma farfesun kaza da haɗin dabino. In ce zan ci a ɗaki, in sha cokali biyu, sauran in juye a leda in miƙa wa maƙwabta ta katangar baya.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin lambun nan. Satin farko kafaɗuna kamar an yi min duka, ruwan ramin kuma sanyi kamar ƙanƙara, amma daga baya na saba. Mama ta koya min yadda ake datse reshe don fure ya fito da girma, tana aiki tana waƙoƙin coci, ni kuma ina lissafin bokitai. Siket ɗina ya fara juyawa a ƙuguna, na ji kamar in yi rawa. Gwaggo kuwa ta shiga ruɗani. Ta kan kamo hannuna ta juya shi, ta ce wannan wace irin dilka ce da take sa mutum baƙi, tafin hannu ya yi kanta kamar na mai faskare. Na ce mai gyaran ta ce haka yake farawa, dattin ne yake fitowa tukuna. Sau biyu tana yafa mayafi za ta je ta ji ba'asi a Anguwan Rogo, ina lallashinta. Da ta ga ramar ta ƙi tsayawa sai ta koma karɓo min rubutu, ta ce bakin mutane ne.

Daga sati na huɗu na fara ganin abubuwan da na kasa fassarawa. Ni ina jiran a ce na yi kyau, sai na ga kowa yana min magana a hankali kamar mai jinya. Mahaifiyar angon ta zo gidanmu ba sanarwa, ta daɗe tana kallona, ta tambaye ni ko ina barci sosai, bayan kwana biyu aka aiko cewa a sake gwajin jini. Na je an yi, komai lafiya, na ɗauka maganar ta wuce. Shi kuma in ya zo zance sai ya zauna yana ta juya makullin mota. Sau uku yana tambayata ko akwai abin da ke damuna, ko akwai abin da nake son faɗa masa, ya ce kada in ji nauyinsa, in ma auren ne ba na so gara ya ji daga bakina. Na yi dariya na ce wane irin zance ne wannan. Wallahi ban gane ba. Ban taɓa kawowa a raina cewa a idon mutanenmu amaryar da take ramewa ana gobe bikinta, ko dai ciwo take ɓoyewa ko kuma zuciyarta tana wani wajen ba. Ni kawai rigar nake gani, da ranar da zai shigo wurin dina ya ji ƙamshi ya tambayi inda na samo furannin.

Wata ranar Talata, saura sati biyu biki, na taso daga lambu a makare, na gaji, na ce yau kam ba zan kewaya ba, bari in bi bakin titi. Ina tafe wayata ta yi ƙara, na ga shi ne. Ya tambaye ni ina nake. Ban ko yi jim ba na ce ina Anguwan Rogo, a kwance nake an shafe ni da dilka, da ƙyar ma na ɗauki wayar. Ya ce to, a fito lafiya. Sai daga baya na san yana tsaye ne a gefen wata motar kaya a tsallaken titi, yana kallona da wayar a kunnena, da laka har idon sawu. Daga ranar bai sake kira ba, in na kira ya ce yana cikin kasuwa. Na yi ta tunanin ko dankali ne ya faɗi, har addu'ar ciniki nake masa.

Ranar Juma'a kawunsa ya zo wajen babanmu. Bayan ya tafi Baba ya kira ni gaban Gwaggo, ya ce an ce a dakata da biki, yaron ya ce ba zai ɗaure 'yar mutane alhali hankalinta yana wani wuri ba, saboda haka in gaya masa wajen wa nake zuwa kullum da safe. Na fashe da kuka na faɗi komai. Baba ya ce in maimaita, na maimaita. Gwaggo ta ce furanni kamar yaya, na ci ne ko na magani? Babu wanda ya yarda, domin ƙaryar ta fi gaskiyar kama da hankali. Washegari Baba da Gwaggo suka sa ni a gaba har lambun. Mama ta tabbatar musu, ta nuna musu layukana uku da suka fara toho, amma da ta gane gida ba su sani ba sai fuskarta ta canza. Ta ce ita ma ta aurar da 'ya'ya, da ta san haka ne da ba ta bar ni na taɓa bokitinta ba. Sai da muka shiga gida Gwaggo ta tambaye ni ina kajin da take dafa min suke zuwa. Da na faɗa mata ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na ɗauka tunda gaskiya ta fito shi ke nan. Baba ya aika musu da bayani, shi ma angon ya zo da kansa. Ya ce ya yarda babu wani namiji, har lambun ya je ya gani. Amma ya ce abin da ya kasa cirewa daga ransa shi ne muryata a waya ranar nan, yadda ko rawa ba ta yi ba. Ya ce sati uku ya yi ba ya iya cin abinci yana zaton ba na son sa, ya tambaye ni sau uku na yi masa dariya. Sai ya ce in gaya masa, in na sake cewa ina wuri kaza bayan aure, da me zai gane gaskiya ne? Ni dai sai cewa nake ai don shi na yi. Ya ce shi bai taɓa cewa in rage jiki ba, a yadda ya gan ni ya ce yana so, furanni kuwa ko sunan ɗaya bai sani ba. Ya nemi a ba shi lokaci. Mahaifiyarsa kuma ta riga ta janye, lokacin nan bai ƙare ba har aka aiko mana cewa an fasa auren gaba ɗaya.

Ranar da aka sa za a ɗaura auren, Mama ta kira ni da safe. Ta ce furannina sun buɗe, in ba a yanka yau ba za su zube, kuma ita ba za ta sayar da gumin wani ba. Na je. Ta yanka da kanta ta cika min bokiti biyu, farare da jajaye, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba. Na ɗauko na fito bakin titi, mai Keke Napep ya tsaya ya tambaye ni ina za a kai ni, na tsaya ina kallonsa don ban san inda zan ce ba.

Shekara uku ke nan, kuma har yau in na zauna ina rasa inda zan ajiye laifin. Wani lokaci in ce ya yi tsauri, ban ci amanarsa ba, ruwa kawai na ɗebo. Wani lokaci kuma in sa kaina a matsayinsa a tsallaken titin nan, sai in ga ni ma da haka zan yi. Abin da na tabbatar shi ne ban taɓa tambayarsa me yake so ba, ban tambayi Gwaggo ba, na yi ta wahala don in burge mutanen da ban ma san su wane ne ba. 'Yan'uwana masu shirin biki, neman sauƙin kuɗi ba laifi ba ne, motsa jiki ma abu ne mai kyau, har yanzu ina takawa da safe. Amma duk shirin da sai kin yi wa wanda za ki aura ƙarya kafin ya yiwu, ki ajiye shi, komai kyansa. Da na ce masa daga lambu nake ranar da ya kira, iyaka ya yi min dariya ya tsallako titi ya kai ni gida.