Ranar da Na Turara Ɗakin Inna

A lokacin shekarata uku da aure a Gummi, kuma ni mace ce mai gaggawa, in na ce yau, to gobe ta yi mini nisa. Da zaman garinmu Zugu ya gagara saboda 'yan bindiga, maigidana ya ce Innata ta dawo wurinmu. Ita kuwa ta aiko cewa in dai kan siminti za ta kwana, gara a bar ta can, ƙafafunta ba su son sanyi. Ɗaki ɗaya ne ya dace da ita, tsohon ɗakin ajiyar shinkafa na surukina, wanda aka shimfiɗa wa katakon maɗaci saboda laima. Daga baya aka manna leda a kai. Da muka ɗaye ledar, sai ga gam baƙi ƙirin ya kama katakon kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Kafinta ya ce in riƙa ɗora tsumma mai ruwan zafi ina kankarewa a hankali, aikin mako guda ne. Mako guda, Inna na can cikin fargaba! Sai na zuƙo fetur daga babur ɗin maigida na kwarara. Gam ya fara narkewa, har ina yi wa kafinta dariya a raina. Amma wari ya cika ɗakin. Abin da kowace mace ke yi wa ɗaki mai wari shi na yi: na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, na shiga da shi.

Ko ajiyewa ban yi ba, sai fuu! Maigida ne ya fizgo ni, ya kashe wutar da yashi da jiƙaƙƙen buhu. Hannun damana ya saɓule, girata ta tafi. Wallahi na yi kuka, don na ɗauka na ƙone wa Inna mafaka. Allah ya taƙaita, kusurwa ɗaya ce ta yi baƙi. Sai da na yi jinya, sannan na gama aikin da hannun hagu, da ruwan zafin da na raina.

Yau Inna na nan tana barcinta lafiya, tana tsokanata wai ɗiyarta ta turara kanta. Alhamdu lillahi. Amma har yanzu ina jin kunya in na tuna gaggawata ce ta ƙara mata mako uku a Zugu. 'Yan'uwana mata, hannunmu ya saba da kasko, ba ya jiran tunani. Kafin ki turara ɗaki, ki tambayi kanki warin mene ne.