Ranar da yatsana ya dawo ba tawada

A Zongo ƙuri'armu ɗaya ce tun ina amarya. Masu neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, sun san da haka, shi ya sa ba sa wahalar bin gida-gida. Su kai wa dattawa goro a ƙofar masallaci, jikokin fatake da 'yan Kano masu atamfa su zauna su daidaita, da yamma maigida ya shigo ya faɗa mana hoton da za mu dangwala wa. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Mossi kuwa gida ɗaya sai ka sami jam'iyya uku.

Da aka rushe gefenmu na unguwar Koulouba muka watse, wasu unguwar Wemtenga, wasu Larlé. Ni kuma na shiga yaƙi da jahilci, na ƙudura a raina wannan karon da idona zan karanta takardar, in zaɓi wanda na ga dama.

Ranar zaɓe surukata ta ce tsohuwar lakwal ɗinmu za a je, makarantar da aka saba zaɓe a cikinta. Na nuna mata katina, na ce an mai da mu Wemtenga. Ta ce Zongo ba ta zaɓe a rarrabe. Na bi ta, don ban iya musu da ita ba.

Muka tarar da tsofaffin unguwa cike da inuwar bango, kowace ta hau moto, wato babur, daga nesa, ana ta gaisuwa kamar gidan suna. Sunan ko ɗaya ba ya jikin takardar da aka manna. Ma'aikacin ya yi bayani da Faransanci, ya sake da Mooré, yaren Mossi, suka ce yaro ne, bai san su ba.

Sai surukata ta tura ni gaba. "Ga 'yar boko, ta karanta mana."

Kati bayan kati nake karantawa, in faɗa wa kowace inda za ta. Wata ta ce in sake dubawa da kyau, wata sai da na nemo mata mai moto. Na ce wa surukata, "Inna, rana fa tana yi." Ta ce in ƙarasa na wata Hajiya tukuna.

Muna isa Wemtenga ana jan ƙofar wurin zaɓe, an tashi.

Maigida ya tambaya ko na dangwala inda aka ce. Na miƙa masa yatsana ya duba, na wuce na ɗora tukunya.