Rijiyar da ke bayan Dungas

Ana sallame sallar asuba muka bar Magaria, ni da kawuna, a motar mutum tara da aka cusa mu goma sha huɗu, ban da awaki biyu. Kawu mahaƙin rijiya ne, shekara talatin yana cikin ƙasa. Tun da injin foraj mai haƙa rijiyar burtsatse ya shigo ba wanda ya sake nemansa. Da ya ji wani ɗan kwangila zai sa famfo mai aiki da hasken rana a tsohuwar rijiyar wani ƙauye bayan Dungas, sai ya ce in raka shi ko a ɗauke shi aiki. In ba a ɗauke shi ba, gonarsa zai sayar.

Hanya duk rami, ga amalanke ɗauke da damman gero suna tare mu. A Dungas muka sha furar dala hamsin, wadda ruwanta ya fi gerenta yawa. Daga nan sai a babur. Mai kabu-kabun ya tsuga mana kuɗi, ya ɗora laifin a kan tsadar esans, wato fetur, ya kuma kayar da mu sau ɗaya cikin yashi.

Mun tarar da ɗan kwangilar da teknisiyansa, wani matashi mai takardar difilom, mai ladabi kuwa. Abin da ake ba matashin a yini, lebura sai ya yi mako. Ɗan kwangila ya dubi furfurar Kawu ya ce ya riƙe igiya, a gani.

Rijiyar ta yi wata da watanni a rufe, kuma sai an shiga an kafa ƙarfen da famfon zai zauna. Matashin ya ɗaura igiya a ƙugu. Mutanen gari suka tuna masa al'ada, ba a shiga tsohuwar rijiya sai an fara saukar da fitila. Ya ɗaure tocilarsa mai caji ya zura, ta haska har ƙasa. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni.

Kawu ya naɗe igiyar a hannunsa. "Ɗana, ba za ka shiga ba. Ba don gani ake saukar da fitila ba."

"Baba, igiya aka ce ka riƙe," in ji ɗan kwangila. "In ba ka iya ba, ga hanya."

Na ja rigar Kawu, bai ko waiwaye ni ba. Ya ce a kawo fitilar ƙwai. Aka bi gari gida-gida, duk tocila ce, sai da ƙyar aka samu wata a ɗakin wata tsohuwa, aka nemo kalanzir. Duk wannan lokacin ɗan kwangila yana duba agogo yana tsaki.

Kawu ya kunna ya zura a hankali. Wajen gaba takwas harshen wutar ya fara ƙanƙancewa, can sai ya mutu. Ya jawo, ya sake kunnawa, daidai wurin nan ta sake mutuwa. Ya ce iskar ƙasan ta lalace, inda wuta ba ta ci, mutum ba ya numfashi, ko kira ba zai iya ba. Matashin ya fara kwance igiyar ƙugunsa, na taya shi.

Da rassan dogon yaro muka yi ta ja muna saki cikin rijiyar don a kaɗa iskar, har la'asar, sannan wuta ta kai ƙasa a kunne. Kawu da kansa ya shiga ya kafa ƙarfen.

Ashe ɗan kwangilar yana da wasu rijiyoyin a gaba, an ɗauki Kawu a kansu duka, amma a kuɗin lebura, wai ba shi da takarda. Matashin ya roƙa a ƙara masa, aka ƙi.

Washegari muka dawo Magaria. Kawu sai murna yake, gona ta tsira. Ni kuwa raina a ɓace yake har yanzu. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, gwanintar da ba ta da takarda arha ake sayenta, ko da rai ta ceta. Da na faɗa wa Kawu haka sai ya ce, "Kai ma ai gyaɗa kai ka yi."