Ɗan Amshin Yayarsa a Ofishin Lasisi

Muryarsa ce ke fara isa teburin rajista, sannan turarensa, sannan shi. Kwat ɗin ta yi masa yawa, yana ta kaɗa makullin mota kamar wani ya tambaye shi. Yayarsa na tsaye a bayansa, rinin fata ya kama mata hannu har farce.

"Lasisin fitar da kaya waje nake so," in ji shi, da ƙarfin da duk layi sai an ɗago.

"Wane irin kaya?" in ji ma'aikaciyar.

Sai ya karkata kunne baya. Yayar ta raɗa masa, shi kuma ya kumbura murya: "Jakunkunan fata!"

Ina za a kai? Kunne baya. Wa zai saya? Kunne baya, har da cewa, "Haba Yaya, bar ni in yi magana mana!" Ina jin tun suna yara ita ke tauna masa, shi nasa haɗiya.

"Sunan wa za a sa, mai kamfanin?"

Yayar ta matso, ta buɗe baki. Wannan karon kunnen bai motsa ba. Ya gyara kwat, ya faɗi sunansa a hankali, kada a yi kuskure.